Kotu ko Ofishin Jakadanci: Wace Hanya Ta Dace da Mai Neman Zama Ɗan Italiya ta Hanyar Nasaba?

Da ƙarfe 11:59 na daren 27 ga Maris 2025, agogon Roma, aka rufe wata ƙofa da ta fi ƙarni guda a buɗe. Kafin wannan lokaci, duk wanda zai iya tabbatar da cewa nasabarsa ta kai ga wani ɗan Italiya, komai nisan kakan, yana da damar neman a amince da shi a matsayin ɗan ƙasar, ko da kuwa bai taɓa taka ƙasar ba kuma bai iya ko gaisuwa da harshenta ba. Washegari gwamnati ta fitar da dokar gaggawa mai lamba 36, wadda majalisa ta tabbatar a watan Mayu a matsayin doka mai lamba 74 ta 2025, aka taƙaita wannan dama sosai. Tun daga ranar, masu nema da yawa suka koma kallon kotu a matsayin mafita, lauyoyi da dillalai kuma suka ƙara ƙaimi wajen tallata ta. Abin da ya kamata mutum ya fahimta kafin ya fitar da ko kwabo shi ne, zaɓi tsakanin kotu da ofis ba zaɓin son rai ba ne kamar na wanda ke zaɓar mota a tasha. Ranakun haihuwa, aure da sauya ƙasa da ke cikin salsalar gidansu su ne ke yanke masa hukunci tun kafin ya ga lauya.

Tushen al'amarin shi ne ƙa'idar da masana shari'a ke kira jure sanguinis, wato haƙƙin da ake gada ta jini. A ƙarƙashinta, hukuma ba ba ka ƙasa take yi ba. Tabbatarwa kawai take yi cewa tun ranar da aka haife ka kai ɗan Italiya ne, domin mahaifinka ko mahaifiyarka ɗan Italiya ne a ranar, shi ma haka ya gada daga nasa iyayen. Sarƙa ce, kuma dole kowane zobe nata ya zama lafiyayye. Kakan da aka faro daga kansa dole ya kasance yana raye a ranar 17 ga Maris 1861, ranar da aka kafa daular Italiya, ko kuma bayan an haɗe yankinsu da ita, kamar Beneto a 1866 da Roma a 1870. Waɗanda suka yi ƙaura daga Tirentino ko Tiriyeste kafin 16 ga Yuli 1920 sun fita ne a matsayin talakawan daular Ostiriya, don haka zuriyarsu ba ta cikin wannan lissafi. Abin da ya fi yawan tsinka sarƙar shi ne karɓar wata ƙasa da son rai, domin kafin 16 ga Agusta 1992, lokacin da doka mai lamba 91 ta fara aiki, ɗan Italiyan da ya nemi zama ɗan wata ƙasa ya kuma samu, to ya rasa ta Italiya, kuma 'ya'yan da ya haifa bayan haka ba su gaji komai ba.

Hanya ta farko, wadda ita ce ta asali, ita ce ta ƙaramin ofishin jakadancin Italiya da ke kula da yankin da mai nema yake zaune. Ana neman ranar ganawa ta shafin Prenot@mi, a kai takardun haihuwa, aure da mutuwa na kowane mutum a cikin sarƙar, tare da shaidar cewa kakan bai karɓi wata ƙasa ba, ko shaidar ranar da ya karɓa. Kuɗin nema Yuro 600 ne ga kowane baligi tun daga 1 ga Janairu 2025, bayan da aka ninka shi daga Yuro 300. Ba a bukatar lauya, kuma wannan ne ya sa ta fi sauran hanyoyin araha nesa ba kusa ba. Aibinta biyu ne. Na farko shi ne layi: a wurare irin su Sao Paulo a Barazil, mutane sun yi jiran kusan shekara goma kafin a kira su, a wasu biranen kuma samun ranar ganawar ma kanta ya zama tamkar caca. Na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, shi ne ma'aikacin ofis ba alƙali ba ne. Yana aiki ne da takardun umarni na ma'aikatar harkokin cikin gida, musamman wadda aka fitar a 1991 mai lamba K.28.1, kuma ba shi da hurumin yin ijtihadi. Idan sunan kaka ya fito Giuseppe a takardar haihuwarsa, ya koma José a takardar aurensa, sannan shekarar haihuwarsa ta goce da biyu a takardar mutuwarsa, ma'aikacin na iya mayar da kai ka je ka gyara a kotun ƙasarku, kuma babu roƙon da zai sauya masa ra'ayi.

Hanya ta biyu ƙanwar ta farko ce. Mutum ya tafi Italiya, ya kama gida, ya yi rajistar zama a wata ƙaramar hukuma, 'yan sandan gari su zo su tabbatar da gaske yana kwana a wurin, sannan ya miƙa takardunsa ga magatakardan garin. Ta fi ofishin jakadanci sauri a galibin lokaci, amma ƙa'idojin da ake bi iri ɗaya ne, don haka abin da ofishin jakadanci ya ƙi, ƙaramar hukuma ma za ta ƙi. Ga kuma kuɗin haya da na abinci na watanni ba tare da tabbacin ranar gamawa ba. Rajistar zama ta bogi, wadda wasu dillalai ke shirya wa mutane, laifi ce da ta sa aka soke wa mutane takardunsu bayan sun riga sun samu.

Kotu ita ce hanya ta uku, kuma akwai rukunin mutanen da ba su da wata hanyar sai ita. Dokar 1912 mai lamba 555 ta tanadi cewa ta wajen uba ake gadon ƙasa, mace kuma ba ta gadar wa ɗanta sai a wasu yanayi ƙalilan, har ma takan rasa tata ƙasar idan ta auri baƙo ta kuma samu ƙasarsa ta dalilin auren. Kundin tsarin mulkin jamhuriya, wanda ya daidaita mace da namiji a gaban doka, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1948. Kotun tsarin mulki ta rushe waɗannan tanade-tanade a hukunce-hukuncenta na 1975 da 1983, sai dai hukumomin gwamnati suka tsaya a kan cewa gyaran bai wuce ranar da kundin ya fara aiki ba. A ɗauka wata mace ce aka haifa a Sisili a 1922, ta yi ƙaura zuwa Ajantina, ta auri ɗan can, ta haifi ɗa a 1946, ta sake haifar wani a 1950, kuma har ta rasu ba ta karɓi wata ƙasa ba. A idon ofishin jakadanci, ƙanen ɗan Italiya ne, wan kuma baƙo ne, alhali ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha. A 2009 ne manyan alƙalan kotun ƙoli, a zaman haɗin gwiwa, suka yanke hukunci mai lamba 4466, inda suka ce matsayin ɗan ƙasa haƙƙi ne mai ɗorewa da ba ya tsufa, kuma wariyar da aka yi wa mata kafin 1948 tana ci gaba da cutar da zuriyarsu har yau, saboda haka alƙali na iya gyara ta. Amma majalisa ba ta sauya dokar ba, ma'aikatar ma ba ta sauya umarninta ba, shi ya sa har yanzu ɗan wan, wanda aka haifi mahaifinsa a 1946, sai ya shigar da ƙara, ɗan ƙanen kuma ya bi layin ofis. Irin wannan ƙara ita ake kira shari'ar 1948, kuma a nan babu wani kwatance da za a yi, domin ofis ba zai ko karɓi takardun ba.

Rukuni na biyu na masu zuwa kotu su ne waɗanda sarƙarsu ba ta da matsalar 1948, amma layi ya gajiyar da su. Har zuwa 2025, wa'adin da doka ta ba hukuma ta kammala duba buƙata kwana 730 ne, kuma alƙalai sun daɗe suna karɓar hujjar cewa wanda aka bar shi yana jira fiye da haka, ko wanda ya kasa samun ranar ganawa duk da ƙoƙarinsa, yana da damar zuwa kotu kai tsaye. A nan ne ake da zaɓi na gaskiya, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa. Alƙali zai so ya ga shaidar cewa an gwada hanyar ofis an kasa, kamar hotunan shafin neman ganawa masu ɗauke da kwanan wata, da wasiƙun da aka aika ba a amsa ba. Wanda ya tsallake ofis don kawai yana gaggawa na iya jin an kori ƙararsa bisa dalilin cewa babu abin da ya tilasta masa zuwa kotu. Wanda ke zaune a yankin da ofishin jakadancinsa ke ba da rana cikin watanni, kuma takardunsa tsaf suke, bai da dalilin kashe dubban Yuro a hannun lauya. Wanda kuwa ofishinsa ke maganar shekaru, musamman idan akwai dattijo a cikin masu neman, shi ne kotu ta fi yi wa amfani.

Yadda shari'ar ke gudana ba shi da sarƙaƙiya sosai. Ana kai ƙarar ma'aikatar harkokin cikin gida ce, lauyoyin gwamnati kuma su kare ta. Dole a ɗauki lauya mai lasisin aiki a Italiya, a sa masa hannu a takardar wakilci, kuma galibi mai ƙara ba ya bukatar zuwa ƙasar, domin shari'a ce ta takardu wadda alƙali ɗaya ke dubawa. Kafin 22 ga Yuni 2022 duk irin waɗannan ƙararraki na mazauna waje kotun Roma ake kai su; daga ranar aka rarraba su zuwa kotunan yankunan da aka haifi kakan. Wannan sauyi ya sa tsawon jiran mutum ya dogara da ƙauyen da kakansa ya fito, abin da ba shi da iko a kansa. Kotun Benis, babban birnin yankin Beneto, alal misali, ta cika ta batse da ƙararrakin 'yan Barazil, saboda yawan mutanen Beneto da suka tafi gonakin gahawa na can a ƙarshen ƙarni na 19, alhali wata kotun a wani yankin na iya sa rana cikin ɗan lokaci. Dangi da yawa na iya haɗuwa a ƙara ɗaya su raba kuɗin lauya da na fassara, wanda shi ne babban rangwamen wannan hanya, sai dai tun farkon 2025 kuɗin shigar da ƙara ya koma Yuro 600 a kan kowane mutum, maimakon kuɗi ɗaya na ƙarar gaba ɗaya kamar da. Bayan an yi nasara ma ba a gama ba. Sai hukuncin ya zama na ƙarshe, wato kwana 30 bayan an isar da shi ga ɗaya ɓangaren a hukumance, ko wata shida daga ranar da aka fitar da shi idan ba a isar ba, sannan a kai shi ƙaramar hukumar kakan ta rubuta sunayen a littafinta, sannan a yi rajista a kundin 'yan Italiya mazauna waje da ake kira AIRE, kafin a zo maganar fasfo. Ƙananan garuruwan da ke da magatakarda ɗaya ko biyu kan ɗauki watanni a wannan mataki kaɗai.

Akwai wani zato da ya yaɗu cewa alƙali ya fi ma'aikacin ofis sassauci. Rabinsa gaskiya ne. Wajen saɓanin sunaye da ranaku, alƙali na iya duba takardun gaba ɗaya ya gamsu cewa Giuseppe da José mutum ɗaya ne, abin da ofis ba zai yi ba. Haka kuma kotun ƙoli ce a Agusta 2022 ta ceci zuriyar waɗanda dokar Barazil ta 1889 ta mayar 'yan ƙasar a dunƙule ba tare da sun nema ba, inda ta ce shiru ba ya nufin mutum ya yafe ƙasarsa. Amma tsananin da ya fi girgiza masu nema kafin 2025 daga kotu ya fito, ba daga ofis ba. Shekaru da dama ofisoshi na amincewa da cewa yaron da aka haifa a ƙasar da ke ba da ɗan ƙasanci ta haihuwa, kamar Amurka, yana riƙe da na Italiya ko da mahaifinsa ya sauya ƙasa daga baya, bisa sashe na 7 na dokar 1912. Sai kotun ƙoli, a wani hukunci na 2023, ta karanta sashe na 12 ta ce idan uban ya sauya ƙasa alhali yaron bai balaga ba kuma yana zaune tare da shi, to yaron ma ya rasa, kuma balaga a wancan zamani shekara 21 ce, sai a 1975 aka mayar da ita 18. A ranar 3 ga Oktoba 2024 ma'aikatar ta bi sahu da takardar umarni, ofisoshi suka fara ƙin irin waɗannan buƙatu. Mutumin da aka haifi mahaifinsa a Niyok a 1920, kakansa kuma ya zama Ba'amurke a 1930, ya kwana da cancanta ya tashi babu ita. Lauyoyi kan kauce wa wannan ta hanyar komawa ga kakar mace, wadda sau da yawa ba ta taɓa neman wata ƙasa da kanta ba, ko kuma ta zama Ba'amurkiya ne kai tsaye ta dalilin mijinta kafin dokar Amurka ta Satumba 1922 ta daina haɗa mace da mijinta a wannan fanni. Da zarar an koma ta wajenta, ƙarar ta zama shari'ar 1948, kuma wannan na cikin wuraren da kuɗin lauya ke biyan kansa.

Sabuwar dokar ta ƙara wa hanyar kotu wani nauyi da ba a cika ambata ba a tallace-tallace. A shari'ar ɗan ƙasanci yanzu ba a karɓar rantsuwa ko shaidar baki, sai a yanayin da doka ta keɓe, kuma mai ƙara ne zai tabbatar da cewa babu abin da ya tsinka sarƙarsa. A da, gwamnati ce ke da nauyin kawo hujjar cewa kakan ya rasa ƙasarsa. Wanda takardunsa ke da giɓi kada ya yi tsammanin labarin da ya ji a bakin kakarsa zai cike masa shi a gaban alƙali.

Sai babbar tambaya, wadda ya kamata ta riga duk sauran: shin mutum na cikin waɗanda sabuwar dokar ta bari? Sashen da aka ƙara wa dokar 1992 ya ce wanda aka haifa a waje kuma yake da wata ƙasa ana ɗaukarsa bai taɓa zama ɗan Italiya ba, sai idan ya miƙa buƙatarsa ko ya shigar da ƙararsa kafin wa'adin daren 27 ga Maris, ko an riga an sanar da shi ranar ganawarsa kafin lokacin, ko ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa na kusa yana riƙe da ɗan ƙasancin Italiya shi kaɗai ba tare da wani ba, ko ya rasu yana haka, ko kuma ɗaya daga iyayensa ya zauna a Italiya shekara biyu a jere bayan ya zama ɗan ƙasa kuma kafin a haife shi. Kalmar "shi kaɗai" ita ce ƙayar. Kakan da ya karɓi ƙasar Amurka ko Kanada tun kafin a haifi jikansa bai cika sharaɗin ba, ko da kuwa a Napoli aka yanke masa cibiya. Tattaɓa-kunne kuwa, wanda dogaronsa kakan mahaifinsa ne, ya fita. Ministan harkokin waje Antonio Tajani ya kare dokar da cewa yawan 'yan Italiya mazauna waje ya tashi daga miliyan 4.6 zuwa miliyan 6.4 cikin shekara goma, kuma waɗanda za su iya nema a tsohon tsari sun kai miliyan 60 zuwa 80, adadin da ya zarce mutanen da ke cikin Italiya kanta.

Ga wanda ya faɗa wajen wannan iyaka, shigar da ƙara ba ya nufin bin wata ƙofar baya. Alƙalin kotun farko ba shi da ikon jingine dokar da majalisa ta yi don yana ganin ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Iyakarsa ya miƙa tambayar ga kotun tsarin mulki, kamar yadda kotun Turin ta yi a 2025, kuma muddin ba a rushe doka ba, da ita za a yi masa hukunci. Yana da kyau a tuna cewa a hukuncinta mai lamba 142 na Yuli 2025, wanda ya shafi tsohon tsari, kotun tsarin mulki ta ƙi sanya wa gadon ɗan ƙasanci iyaka da kanta, tana mai nuna cewa majalisa ce ke da faɗin hurumi a wannan fage. Hujjar da ta kare masu nema a ranar tana iya juyowa kansu, tunda majalisar ce yanzu ta sa iyakar. Wanda ya zaɓi shiga irin wannan ƙara ya sani cewa zai iya rasa kuɗin lauya da na kotu, har a ɗora masa kuɗin ɗaya ɓangaren. Lauyan da ya ba shi tabbacin nasara a wannan hali, ni dai ba zan ba shi amanar takarduna ba.

Wani abin lura shi ne, sabon tsarin bai taɓa zuriyar Italiyawan da suka zo Afirka ta Yamma kamar yadda ya taɓa na Kudancin Amurka ba. Magina daga garin Roasio na yankin Piyemonte sun yi aiki a Najeriya da Gana tun farkon ƙarni na 20, kamfanonin Italiya ne kuma suka gina madatsun ruwa na Kainji, Bakolori da Akosombo. Wanda ya fito daga irin wannan tsatso galibi mahaifinsa ne ko kakansa Ba'italiye, kuma waɗannan mutane ba su cika karɓar wata ƙasa ba, don haka sharuɗɗan sabuwar doka na iya cika. Matsalarsa a wani wurin take, wato tabbatar da nasaba. Idan iyayen ba su yi auren da hukuma ta rubuta ba, kuma uban bai amsa ɗan a hukumance ba, ofishin jakadanci a Abuja ko Legas ba zai iya ƙirƙiro alaƙar ba. Sai an fara da shari'ar tabbatar da uba, wadda ta sha bamban da shari'ar ɗan ƙasanci. Idan kuma an amsa ɗan ko kotu ta tabbatar da nasabarsa bayan ya balaga, doka ta ba shi shekara ɗaya kacal ya bayyana cewa ya zaɓi ɗan ƙasancin Italiya. Takardun Najeriya kuma, tunda ƙasar ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan hatimin da ke sauƙaƙa amincewa da takardu tsakanin ƙasashe, sai sun bi ta tantancewar hukumomin gida da ta ofishin jakadancin Italiya kafin kotu ko ofis su kalle su.

Wanda ɗa ne ko jika ga ɗan Italiya na haihuwa, amma sarƙarsa ta tsinke ko sharaɗin "shi kaɗai" ya kayar da shi, yana da wata hanya da ya kamata ya auna da kotu kafin ya yanke shawara. Sabuwar dokar ta rage masa wa'adin zama a Italiya kafin neman ɗan ƙasanci daga shekara uku zuwa biyu, alhali baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya yi goma. Bambancin shi ne wannan ba tabbatar da haƙƙin gado ba ne, bayarwa ce da gwamnati ke da damar hanawa: ana bukatar shaidar iya harshen Italiyanci a matakin B1, wato matsakaicin mataki, da shaidar samun kuɗin shiga, da takardar rashin aikata laifi, kuma ɗan ƙasancin na fara aiki ne daga washegarin ranar da mutum ya yi rantsuwa, ba daga ranar haihuwarsa ba, saboda haka 'ya'yansa da suka riga suka balaga ba sa shiga tare da shi.